ƘAMSHIN DA YA SA KAKATA KUKA

Na daɗe ina son in rubuto wannan labari amma kunya tana hana ni, domin kuwa labarina ne ni da kaina, kuma ni ce mai laifi a cikinsa. Abin da ya sa yau na daure na ɗauki biro shi ne, shekaranjiya wata 'yar makaranta ta shigo gidana sayen turaren wuta na bikin yayarta, ta buɗe kwalba ta shinshina, ta lumshe ido ta ce, "Anti, wai shi wannan ƙamshin daga ina yake fitowa?" Na ce da ita daga jikin itace. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, wai ita a zatonta a kamfani ake haɗa shi kamar sabulu. Bayan ta fita na zauna na yi tagumi, don ni ma akwai lokacin da na manta da amsar wannan tambaya, kuma mantuwar ta jawo mini abin da har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

An haife ni a wani ɗan ƙauye a ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Kazaure zuwa Roni ta san yadda duwatsun nan suke jere, wani kan wani. A hannun kakata na tashi, mahaifiyar Babanmu, muna kiran ta Iya, ita kuma ba ta da sunan da take kira na da shi sai "kishiya". Iya tana da wata 'yar gona a bayan dutse wadda ta gada wurin mahaifinta, a gefen gonar kuwa akwai bishiyoyin hano guda bakwai. Wasu suna kiran sa ararrabi. Itace ne mai son dutse, ɓawonsa fari-fari ne mai saɓulewa kamar takarda, da rani yakan zubar da ganye ya tsaya tik kamar ya mutu, sai kuma ki ga ya fitar da 'yan furanni farare masu ƙamshi tun kafin ganye ya dawo. In aka ji masa rauni yakan fitar da ƙaro, in ƙaron ya bushe aka ɗora kan garwashi, ɗaki ya gauraye da ƙamshi, sauro kuma ya yi nasa wuri. Ɓawon kuma mutanenmu suna dafa shi don zazzaɓi da ciwon ciki da sanyin ƙashi.

Tun ina 'yar shekara bakwai nake bin Iya zuwa wurin bishiyoyin nan da 'yar ƙwarya a kaina. Tana da dokokinta waɗanda ba ta yarda a karya. Ba ta taɓa su da damina. In rani ya yi takan ɗauki 'yar wuƙa ta kankare wuri kaɗan, faɗinsa bai fi tafin hannun jariri ba, kuma ba ta barin wuƙar ta kai ga tsokar itacen. Wuri biyu ko uku a jikin bishiya ɗaya, shi ke nan. Bayan kamar mako biyu mu koma mu tsince ƙaron da ya daskare. In ta taɓa guda uku bana, baɗi sai ta bar su ta koma kan wasu. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce, "Ke kishiya, in kika tatsi saniya safe da rana da dare, me ɗan maraƙi zai sha?" A lokacin dariya kawai na yi, don ban ga abin da ya haɗa saniya da itace ba.

A shekarar 2009 aka yi mini aure aka kawo ni cikin garin Kazaure. Iya ce da hannunta ta haɗa mini turaren ɗaki. Ta daka kajiji da saiwar jema, ta soya farce, ta narka sukari, ta zuba ƙaron hanonta da ɗan sandal ɗin da Gwaggo ta sayo a kasuwar Kurmi ta Kano, ta cika mini kwalabe uku. Daren farko da na ɗora shi a kasko, Malam ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ƙarasowa, ya ce, "Wannan kuma wane irin ƙamshi ne? Ko dai ɓatan kai na yi?" Na sunkuyar da kai ina murmushi. Kafin wata uku matan unguwa sun fara aiko yara, wannan ta ce a sam mata, waccan ta ce a sayar mata. Da haka sana'a ta same ni ba tare da na neme ta ba. Duk shekara Iya takan aiko mini da ƙaro kwano ɗaya ko biyu, ni kuma in haɗa daidai abin da ya samu, in ya ƙare in ce da masu saye sai baɗi. Shekara takwas muna haka lafiya lau.

Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A 2017 Malam ya saya mini babbar waya, na fara saka hoton kwalabena a WhatsApp. Wallahi kafin in ankara sai ga saƙo daga Kano, daga Kaduna, har daga Abuja. Masu gyaran amare suka sa ni gaba, wannan tana son kwalba talatin, waccan hamsin. Ana cikin haka wani dillali ya zo da sallama, ya ce ya ji labarin ina da hanyar samun ƙaron hano, shi buhu-buhu yake so, har da ɓawon, wai akwai masu tatsar man turare daga cikinsa suna kaiwa ƙasashen waje. Kuɗin da ya ambata sai da na ce ya maimaita. A lokacin kuwa idon Iya ya riga ya tafi, ba ta fita ko ƙofar gida sai da ɗan jagora. Sai na kira ƙanena da ke ƙauye na ce ya tara samari su samo mini ƙaro da ɓawo ko nawa ne, zan biya kwano-kwano. Ban ce su je wurin bishiyoyin Iya ba, amma kuma ban ce kada su je ba. Ban tambayi yadda za su ciro ba. Gaskiyar magana, ban so in sani ba ne.

Kaya suka yi ta zuwa, kuɗi suka yi ta shigowa. Na canja kujeru, na sayi firji, na yi sarƙar gwal, in na shiga gidan biki har nuna ni ake yi. Abin da nake ba yaran nan a kwano ɗaya bai kai ɗaya bisa goma na abin da nake samu a kansa ba, kuma daga baya na ji cewa wasunsu makaranta suke gudu su tafi dutse da gatari. Duk wannan bai dame ni ba, ni dai a kawo.

Da ƙaramar Sallar 2019 muka je ƙauye gaida su Baba. Na kai wa Iya atamfa turmi biyu da goro da kwalbar turarena mafi tsada. Ta shafa atamfar ta sa mini albarka, sannan ta buɗe kwalbar ta kai hanci. Ta daɗe shiru. Can ta ce, "Kishiya, shekara biyu ke nan ban aiko miki da ƙaro ba, amma ga shi na ji hano ya yi yawa a nan. A ina kike samu?" Na ce saye nake yi. Ta ce, "To, madalla. Kama hannuna ki kai ni bayan dutse, na yi kewar mutanena."

Muka kama hanya a hankali, tana dogara sanda ina riƙe da ita. Tun daga nesa na hango abin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi. An riga an yi ruwa, ko'ina ya fara kore, amma biyar daga cikin bishiyoyin nan bakwai suna tsaye a bushe ƙayau, babu ganye ko ɗaya. An saɓule musu ɓawo tun daga gindi har inda hannu ya kai, an kewaye su kaf, jikinsu duk saran gatari da hudar ƙwari. Biyun da suka rage su ma rabin jikinsu a buɗe yake. Na so in ce da ita mu koma hadari ya taso, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ta saki hannuna ta lalubi ta farko, ta shafa daga sama zuwa ƙasa. Ta matsa ga ta biyu ta shafa. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta bakwai, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta. Tunda nake ban taɓa ganin Iya tana kuka ba, ko ranar da Kakanmu ya rasu.

Ta ce, "Wane marar imanin ne ya yi wa bayin Allahn nan tsirara?"

'Yan'uwa, a wannan lokacin ƙarya tana kusa da bakina ƙwarai. Ba ta gani, babu kowa a wurin sai ni da ita, ina iya cewa masu maganin gargajiya ne ko masu gawayi, ta yarda. Amma na tuna ramin ƙarya ƙurarre ne, na kuma dubi hannun da ya raine ni yana rawa a jikin mataccen itace. Na durƙusa na kama ƙafarta na fashe da kuka na ce, "Iya, ni ce. Ni na aiko da kuɗi." Na zaci za ta ɗaga sanda ta maka mini, da ma ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce, "Ubana ya tarar da su, ya bar mini. Ni na ci amfaninsu shekara sittin, na yi miki turaren aure da su. Ke kuma me za ki bar wa 'yarki?" Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba har muka iso gida, kuma kwalbar turaren nan ta sa aka mayar mini cikin jakata.

Daren nan ban runtsa ba. Ƙanwata da muke kwana ɗaki ɗaya, wadda a lokacin take karatun ilmin gandun daji a jami'a, ita ta zaunar da ni ta warware mini abin da na aikata. Ta ce a ƙarƙashin ɓawon itace akwai wata 'yar fata mai laushi, ta nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. In aka kankare gefe ɗaya kaɗan, itacen yakan warke. In aka kewaye shi gaba ɗaya, an yanke hanyar abincin ke nan, saiwa ta mutu da yunwa, itace ya bi ta. Shi kuma ƙaron da muke ƙonawa, da shi itacen yake toshe rauninsa don kada cuta ta shiga. In raunin ya yi yawa ƙarfinsa ya ƙare, sai ƙwari masu huda itace su samu ƙofa, kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta ce kuma kada in zaci a Roni kaɗai ake wannan ɓarna. Hanonmu ɗan'uwan bishiyar lubban ne, wadda ke fitowa a Oman da Yaman da Somaliya da Habasha da Sudan. A cikin wannan shekara ta 2019 wasu masana ƙarƙashin jagorancin wani farfesa na ƙasar Holan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Habasha da Iritiriya da Sudan. Sun tarar fiye da kashi 75 cikin 100 na dazuzzukan lubban da suka duba babu ƙananan bishiyoyi masu tasowa, sai tsofaffi, saboda yawan tsaga da gobarar daji da dabbobi masu cinye tsiro. Suka yi hasashen in aka ci gaba a haka, lubban da ake samu a wurin zai ragu da rabi cikin shekara 20. Wani bincike da aka yi a Iritiriya tun 2006 ya nuna irin bishiyar da ake yawan tsagawa kashi 16 cikin 100 ne kawai yake tsirowa, na wadda aka bari ta huta kuwa ya haura kashi 80. Da ta faɗi haka sai maganar saniya da ɗan maraƙi ta faɗo mini, na ce ashe abin da Iya ta sani ke nan ba tare da ta taɓa shiga aji ba.

Ba lubban kaɗai ba. Itacen udu da mahajjata ke yo mana tsaraba daga Makka, a dazuzzukan Indiya da Malesiya da Indonusiya yake fitowa, kuma ba kowace bishiya ke da ƙamshin ba sai wadda wata cuta ta kama, don haka masu nema sukan sare masu lafiya da yawa kafin su dace da guda. Abin ya kai a 1995 aka sa shi cikin yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ya zama ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini. Sandal ma haka, ya yi ƙaranci a dajin Indiya har aka koma shuka shi a manyan gonaki a Ostireliya, inda ake jiran sa kamar shekara 15 kafin a sare. Irin sandal na gabashin Afirka kuwa, a 2007 gwamnatin Kenya ta hana sarar sa saboda yadda ake tumɓuke shi har saiwa. Duk waɗannan suna cikin kwalaben da muke jerawa a gaban madubi.

Washegari na sami Iya a kan tabarmarta na sake ba ta haƙuri. Ƙanwata don ta sa ta dariya ta ce, "Iya, kin san hanonki har a littafin Turawa yana da suna? Sunan wani likita Bature aka sa masa, Dalziel, wanda ya zauna ƙasar nan ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga a 1916." Iya ta taɓe baki ta ce, "Shi Baturen ya san shi ya rubuta, ita jikar gida ta san shi ta kashe." Kowa ya yi dariya ban da ni. Amma daga baya ta jawo kaina ta ce ta yafe, da sharaɗin in mayar da abin da na ɗauka. Ta ce hano ba shi da wuyar dasawa, reshensa ake sarewa mai kaurin damtse a ƙarshen bazara, a bar shi kwana biyu ya sha iska, a kafa shi a ƙasa kamar yadda ake kafa dashi a shinge, in ruwa ya sauka sai ya kama.

Da na koma Kazaure na kira dillalin nan na ce na daina. Ya yi ta magiya, ya ƙara kuɗi, na ce a'a. Masu gyaran amare da yawa suka guje ni don na rage yawa na kuma ƙara farashi, wata har ta aiko mini da baƙar magana wai na fara girman kai. Sarƙar gwal ɗin nan sai da na sayar da ita. Malam ne ya tsaya mini, ya ce arzikin da aka gina kan kukan tsohuwa ba shi da albarka. Ya kuma kai ni wurin dangin mahaifiyarsa a ƙasar Babura, dab da iyakar Nijar, inda wani kawunsa ya zaga da ni gonarsa ya nuna mini abin da suka koya wurin 'yan'uwansu na tsallake, wato sassabin zamani. Maimakon manomi ya sassabe duk tohon da ya fito daga kututture ya ƙone, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya riƙa yi musu aski har su zama bishiya. A wajen Maraɗi aka fara yaɗa dabarar tun 1983, kuma an ƙiyasta ta dawo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a gonakin kudancin Nijar. Ya ce shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007, wanda Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, abu ne mai kyau, amma itacen da ya fi rayuwa shi ne wanda yake da mai shi.

A bazarar 2020 ni da ƙanena da yaran nan da na ɓata muka kafa rassa ashirin a bayan dutse, muka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Wannan karon ranar Asabar da Lahadi suka yi aikin, kuma na biya su haƙƙinsu cikakke. Goma sha ɗaya suka kama. Na kai Iya ta shafa sabon ganyensu da hannunta, ta yi murmushi ta ce, "Kishiya, yanzu kin biya sadakin mijina." Allah Ya yi mata rasuwa a 2021, Allah Ya jiƙanta da rahama. Har yau ban sa wa ko ɗaya daga cikinsu wuƙa ba, tsofaffin biyun ma da suka tsira sai da na bar su shekara huɗu suna hutawa.

Yanzu sana'ata ƙarama ce amma ina barci da daɗi. Matan da ke kawo mini saiwar jema daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa mun yi yarjejeniya da su, ba sa tumɓuke tushe gaba ɗaya, sukan raba shi su mayar da rabi cikin rami, haka ma masu haƙo kajiji sukan bar 'ya'ya a ƙasa don baɗi. Ni kuma ba na taya kayansu da wulaƙanci. Ɓawon itace kuwa ko kyauta aka kawo mini ba na karɓa sai na san yadda aka ciro shi.

To 'yan'uwana, ban ce ku daina turare ba, Allah Ya kiyaye, mace da ƙamshi aka san ta. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In za ki saya, ki tambayi mai sayarwa daga ina kayanta suke zuwa kuma wa ya ciro su. Ko ba ta da amsa yau, in mutum goma suka tambaye ta gobe za ta nemo. In kin ga an ce sandal ne ko udu amma kuɗinsa bai kai na sabulun wanka ba, ki yi hattara, sau da yawa garin katako ne aka jiƙa da turare. Ki daina cika kasko kamar mai dafa tuwo, ɗan kaɗan ya isa ɗaki, ki kuma buɗe taga saboda ƙirjinki da na yara. Ke kuma amarya, ba dole ne sai kin jera kwalba arba'in don ganin ido ba, rabinsu ma sai sun sane kafin ki kai kansu. Ke 'yar makaranta da ke da kaka a ƙauye, in an yi hutu ki zauna kusa da ita ki tambaye ta sunayen itatuwa da yadda ake ɗibar amfaninsu, ki rubuta a bayan littafinki, domin ranar da ta tafi da abin da ta sani za ta tafi.

'Yata ta fari yanzu ta zama budurwa, har an fara sallama da ita. Ran nan muka je ƙauye na kai ta bayan dutse, na ba ta 'yar wuƙar Iya, na nuna mata yadda ake kankare wuri kaɗan a jikin ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu. Ta ce, "Umma, wannan ɗan mitsitsin ai ba zai isa komai ba." Na ce da ita zai isa turaren ɗakinki, saura kuma na 'yarki ne.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu. Wassalam.

Taku har kullum,
wata 'yar'uwarku daga Kazaure.